Wasan farautar Bismarck na 1980, wa ya taɓa gwada shi?

Injiniya_KD: Salamu alaikum jama'ar gida. Kwana uku kenan ina fama da wani tsohon wasan kwamfuta, sunansa Computer Bismarck, ya fito a 1980 a Amurka, na kwamfutar Apple II ne amma ni da emuleta, manhajar da take kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, na kunna shi a laftof. Wlh ba hoto ba kiɗa ba komai, taswirar tekun Atlantika ce kawai an yanka ta gida-gida da haruffa a ciki, kai ne kwamandan jiragen ruwan Ingila, kwamfuta kuma ta riƙe jirgin Jamus, aikinka ka nemo shi ka nutsar kafin ya tsere ko ya afka wa jiragen ƴan kasuwa. Sau 4 ina bugawa, sau 4 yana ɓace min. Jiya har ƙarfe biyun dare ina zaune da biro da takarda ina lissafin inda zai iya kaiwa, ina gab da kama shi aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma dama ya daɗe da mutuwa. Abin da nake so mu tattauna shine, me yasa wasan da bashi da komai na gani ya fi riƙe ni akan waɗannan na yanzu masu cin giga 80?

Sarkin PES: Hhhh Injiniya tsufa ne ya fara kamaka kawai. Na leƙa hotunansa yanzu, wannan ai kamar takardar jarabawar lissafi ce. Ina wasan yake a ciki?

Injiniya_KD: Yaro man kaza. Wasan yana cikin abin da baka gani ne.

Malam Tarihi: Wa'alaikumussalam. Kafin a yi nisa bari in ɗan shimfiɗa labarin don yara irinsu Sarkin PES, don in baka san abin da ya faru ba bazaka gane me wasan yake kwaikwayo ba. A watan Mayu na 1941, tsakiyar yaƙin Hitila, Jamus ta fito da sabon jirginta na yaƙi Bismarck tare da wani ƙarami mai suna Prinz Eugen, ƙarƙashin Admiral Lütjens. Manufar ba wai su yi gaba-da-gaba da sojan ruwan Ingila bane, a'a, su sulale ne su shiga Atlantika su dinga nutsar da jiragen da suke kai wa Ingila abinci da mai da kayan yaƙi. Ingila tsibiri ce, in ka yanke mata wannan hanya ka shaƙe ta. Sun bi ta Norwe suka zagaya can sama suka ratso ta mashigin da ke tsakanin Aislan da Girinlan. Ranar 23 ga wata jiragen Ingila biyu, Suffolk da Norfolk, suka hango su suka dinga binsu a baya. Da asubahin 24 Hood da Prince of Wales suka tare su, cikin ƴan mintuna Hood ya yi bindiga ya rabe biyu, mutum 1,418 ne a ciki, 3 kacal suka tsira. Hood kuwa shine abin alfaharin Ingila a lokacin, shekara 20 ana yawo da shi ƙasa-ƙasa ana nuna wa duniya.

Maman Walid: Innalillahi, mutum uku a cikin dubu da ɗari huɗu? Malam wannan ai ba abin mayarwa wasa bane.

Malam Tarihi: Hajiya zamu zo kan wannan, magana ce mai kyau. Amma bari in ƙarasa. Shi ma Bismarck bai fita lafiya ba, Prince of Wales ya same shi a gaba, ruwa ya shiga, mai ya fara zuba, dole Lütjens ya fasa farauta ya nufi Faransa don gyara, ya sallami Prinz Eugen ya tafi shi kaɗai. To cikin daren 25 ya yi wata kwana ya zagaye ta bayan masu binsa, suka neme shi suka rasa. Sama da awa 30 duk ƙarfin sojan ruwan Ingila suna lalube a teku basu san inda yake ba. Wannan awa 30 ɗin su ne zuciyar wasan da Injiniya yake magana.

Injiniya_KD: Allah ya ƙara ilimi Malam, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kowane zagaye a wasan awa 4 ne, kuma a awa 4 jirgin da ke gudun kusan kilomita 55 a awa ya ci kilomita 200 da wani abu, ta kowace fuska. To in ka rasa shi zagaye ɗaya da'irar da zaka nema ta buɗe, in ka rasa shi zagaye uku ta zama ƙasa guda. Ga hazo, ga dare, ga jiragen sama na leƙen asiri da dole su koma su sha mai, ga manyan jiragenka su ma mai yana ƙarewa. Kana tura jirgi gida kaza ya dawo ba labari, baka sani ba ko babu shi ne a wurin ko yana nan hazo ne ya rufe shi. Wannan rashin sanin shine yake hana ni barci.

Sarkin PES: To ai wasan ɓuya ne kenan na yara, an saka masa jirgi.

Injiniya_KD: Eh wasan ɓuya ne, amma wanda mai ɓuyan yana da igwa 8 masu baki santimita 38, in ka same shi da ƙaramin jirgi kai ne zaka gwammace baka gan shi ba.

Ɗan Damagaram: Sannunku mutanen Najeriya. Ni ina da ja akan yabon da ake yi wa wannan wasa. Ku duba asalinsa. Tun 1962 kamfanin Avalon Hill ya fitar da wasan Bismarck na kan kwali, da taswira da ƴan guntayen kati da ɗan lido, har suka sake sabunta shi a ƙarshen shekarun 1970. Shi Joel Billings da ya kafa kamfanin SSI a 1979, wato masu wannan wasan na kwamfuta, ɗan wasan kwali ne tun yana yaro, abin da suka yi kawai sun ɗauko wancan tsarin sun zuba a kwamfuta. Mujallar Byte ma ta faɗi kamannin tun a 1980, daga baya Avalon Hill ta kai su kotu akan wannan da wasu wasannin aka sasanta a waje. To ina basirar take? Wanke hula ne ya kai ka dare, kwafe ne kawai da tsada.

Injiniya_KD: Ɗan Damagaram ban musa maka kamanni ba, kowa ya san da shi. Amma ka taɓa buga irin na kwalin? Matsalarsa ɗaya ce babba. Ni da kai muna zaune, kowa da taswirarsa ya ɓoye, ni mai nema dole in buɗe baki ince na duba gida kaza, kana ciki? To da na faɗi haka na riga na gaya maka inda jiragena suke, kai kuma sai ka kauce. Kuma dole in yarda da kai cewa baka yi min ƙarya ba. Ko dai a samo mutum na uku ya zauna tsakani yana duba taswirorin biyu, shi kuma wa zai yarda ya zauna awa biyar yana kallon wasan da ba shi yake bugawa ba? Kwamfuta ita ce ta zama wannan mutum na ukun. Tana ganin komai, bata gaya wa kowa sai abin da idonsa ya isa ya gani, bata gajiya, bata son kai. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin yin wasan, ko da duk sauran dokokin kwafe ne.

Ɗan Damagaram: Wannan na yarda da shi rabi. Rafali ne mai kyau. Amma rafalin dala 60? A 1980 fa. Yawancin wasannin lokacin basu kai rabin haka ba, a leda ake sayar da su da ƴar takarda guda. Kuma kafin ka saya sai kana da Apple II wadda ita kanta ta haura dala dubu, banda na'urar faifai.

Malam Tarihi: Ai tsadar da gangan ce. Sun san waɗanda zasu saya ba yara bane, manya ne masu albashi da suka riga suka saba sayen wasannin yaƙi na kwali, shi yasa suka yi masa akwati mai zane da littafin dokoki da taswira kamar yadda waɗancan suka saba gani a shago. Kuma ya ci kasuwa daidai gwargwado, an sayar da sama da 7,000, wanda a wancan zamanin da masu kwamfuta a gida basu da yawa ba ƙaramin abu bane. Da kuɗinsa kamfanin ya tsaya da ƙafarsa, shine daga baya ya yi Pool of Radiance a 1988 da Panzer General a 1994.

Sarkin PES: Dubu bakwai lol. Malam ai status ɗina na WhatsApp ma in na dage zai kusa haka.

Admin: Sarkin PES a dinga girmama manya don Allah.

Sarkin PES: Tuba nake ranka ya daɗe. Amma da gaske ina da tambaya, shine wasan yaƙi na farko a kwamfuta?

Injiniya_KD: A'a, ana yawan faɗin haka amma ba daidai bane. Chris Crawford ya riga su da Tanktics a 1978, na tankokin yaƙi. Abin da za'a iya cewa shine wannan ne ya fara nuna cewa abin zai iya zama sana'a ta gaske. Wani abin dariya ma, da farko ba don Apple suka fara rubuta shi ba, John Lyon da ya rubuta shi da BASIC akan wata kwamfuta North Star ya fara, niyyarsu TRS-80 ce, sai Trip Hawkins wanda yake aiki a Apple lokacin ya shawo kansu suka koma Apple II saboda tana iya zana taswira da launi. Shi wannan Hawkins ɗin shine ya kafa Electronic Arts daga baya, wato waɗanda suka yi wasannin FIFA, abokan gabarka kenan.

Sarkin PES: Tab, ashe tun 1980 mutumin nan yake ɓata wa mutane rai.

Maman Walid: Ni fa har yanzu ba'a bani amsa ba. Mutane dubbai sun mutu a ruwa mai sanyi, wasu yara ne ƴan shekara 18, sai wani ya zauna a Kalifoniya ya mai da su maki. Kakana ya je Bama a wancan yaƙin, ta jirgin ruwa aka kwashe su, har ya rasu baya son a tayar da zancen. Ni abin baya min daɗi gsky.

Malam Tarihi: Allah ya jiƙansa Hajiya, ya jiƙan namu duka. Maganarki tana da nauyi kuma bazan ce miki ba haka bane. Abin da zan ce shine akwai bambanci tsakanin wasan da yake nuna maka jini don ka ji daɗi da wanda yake ɗora maka nauyin shawara. A wannan baka ganin gawa ko ɗaya, abin da kake gani shine ka tura jirgi inda bai kamata ba ya tafi. Ni na koyar da tarihi shekaru da yawa, in na ce wa ɗalibai Ingila ta rasa Bismarck na awa 30 sai su ce sakaci ne, ƙaton jirgi mai tsawon mita 250 ya za'a yi ya ɓace. Da zan zaunar da su gaban wannan wasa na awa ɗaya da sun daina faɗin haka. Kuma ki sani yaƙin nan na teku ya shafe mu kai tsaye, gyaɗar Kano da kuzar Jos ta tashoshin ruwan Najeriya suke fita, jiragen su taru a Firitawun ta Saliyo a haɗa su ayari zuwa Ingila, irin waɗannan ayarin ne su Bismarck aka turo su farauta.

Maman Walid: Na ji Malam, na gode. Ban sauya ra'ayi duka ba amma na fahimci inda ka dosa. Ni dai Walid bazai buga ba sai ya gama WAEC.

Ɗan Damagaram: Bari in dawo da ja na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi. Duk wanda ya zauna gaban wasan nan ya riga ya san tarihi. Ya san akwai Bismarck a teku, ya san hanyoyin da zai iya bi, ya san Faransa zai nufa in ya ji ciwo. Admiral Tovey, kwamandan jiragen Ingila da suke farautarsa, bai san duk wannan ba. Kuma abubuwan da suka kashe Bismarck a gaske ba dabara bace, kuskure ne da sa'a. Lütjens bai san ya kuɓuta ba, ya ɗauka har yanzu ana binsa da na'urar rada, sai ya aika dogon saƙo ta rediyo zuwa gida, Ingila ta kama siginar. Su kuma da suka zo ɗora ta a taswira suka yi kuskure, Tovey ya juya ya nufi arewa na awanni yana nesa da abin da yake nema. To gaya min wace kwamfuta ce mai ƴar ƙwaƙwalwa 48K zata kwaikwayi wauta irin wannan ta ɓangare biyu?

Injiniya_KD: Wautar ai ni nake kawo ta da kaina, bana buƙatar kwamfuta ta taya ni hhh. Wasa na biyu da na yi na tattara komai na tsare mashigin Girinlan saboda na san tarihi, ashe Otto ya bi ta wata hanya daban, ina can ina gadin ruwa shi yana kudu yana cin ayari. Otto von Computer, sunan da suka sa wa kwamfutar kenan in tana riƙe da Jamus. Sanin tarihin ne ma ya cuce ni.

Malam Tarihi: Amma Ɗan Damagaram yana da gaskiya akan sa'a, ku ji yadda ƙarshen ya kasance. Ranar 26 da hantsi wani jirgin sama Catalina ya hango shi, har da wani sojan Amurka Leonard Smith a cikin matuƙan, alhali Amurka bata ma shiga yaƙin ba tukuna. A lokacin Bismarck ya riga ya yi wa manyan jiragen Tovey nisa, in ba'a rage masa gudu a ranar ba gobe yana ƙarƙashin inuwar jiragen saman Jamus daga Faransa, shikenan. Abin da ya rage kawai jirgin Ark Royal mai ɗaukar jirage da ya taso daga Jibralta. Ya tura Swordfish ɗauke da tofido, wato bam mai tafiya a cikin ruwa, wasu jirage ne masu fukafukai biyu da aka lulluɓe da yadi, kai kace na yaƙin duniya na ɗaya ne. Tashin farko suka yi kuskure suka kai wa nasu jirgin Sheffield hari. Allah ya sa tofidon nasu masu kan maganaɗisu ne basu yi aiki daidai ba, wasu suna taɓa ruwa suke fashewa. Wannan kuskuren ne ya sa aka gane matsalar aka sauya musu kai kafin tashi na biyu. Da magariba suka koma, guda ɗaya ta sami Bismarck a can baya ta maƙale abin da yake juya jirgin, ya kasa miƙewa, ya dinga komawa wajen masu binsa. Da safen 27 Rodney da King George V suka iso suka yi ta ruwan wuta, kafin ƙarfe 11 ya nutse. Cikin mutum sama da 2,200 ɗari da ƴan kai aka tsamo.

Sarkin PES: Kai Malam wannan ai fim ne. Wato da basu harbi ɗan uwansu ba da Bismarck ya tsira?

Malam Tarihi: Mai yiwuwa ƙwarai, tunda da waɗancan tofidon marasa kyau zasu je masa.

Ɗan Damagaram: To kun gani. Wannan shine nake faɗa. A wasa wannan duk zai zama lamba ce kawai, kashi kaza cikin ɗari tofido ta samu, kashi kaza ta kuskure. Labarin ya mutu.

Injiniya_KD: Labarin 1941 ya mutu, na yarda, amma wani yana haihuwa. Ni yanzu ina da labarin daren da na bar ayari ba rakiya na kwashe jiragen na tura neman Otto a inda nake da tabbacin yana nan, kuma baya nan. Ba wanda ya rubuta min wannan, ni na jawo wa kaina. Kuma jinkirin kwamfutar ma da ake zagi, don a Apple II ta gaske sai ka jira mintuna kafin ta gama lissafin zagaye ɗaya, ni a emuleta na bar shi a gudunsa na asali da gangan, wannan jiran kana kallon allo baka san me zai fito ba yana daga cikin abin.

Ɗan Damagaram: Wannan kuma son wahala ne irin naku na injiniyoyi. Ni in zan buga sai na ƙara masa gudu. Af, akwai ƙaninsa ma ai, Pursuit of the Graf Spee na 1982, shi ma SSI, akan tsarin wannan aka gina shi. Wancan a kudancin Atlantika ne, 1939, jirgin Jamus Graf Spee da ya nutsar da jiragen kasuwa 9 kafin a ritsa shi ya shige tashar Montebidiyo ta Yurugwai, kyaftin ɗinsa Langsdorff ya fasa shi da hannunsa ranar 17 ga Disamba saboda an ruɗe shi cewa manyan jiragen Ingila suna jiransa a waje alhali basu iso ba. In dai rashin sani kake so, wannan labarin ya fi na Bismarck.

Malam Tarihi: A nan kam mun haɗu da kai.

Sarkin PES: Injiniya to ya ake kunna abin? Ba wai ina so bane, kawai in gani da idona.

Injiniya_KD: Hhhh an zo wurin. Nemi AppleWin in Windows kake, sai hoton faifan wasan. Amma kar ka fara sai ka karanta littafin dokokin, umarnin duk haruffa bibbiyu ne kake bugawa, ba linzami ba komai, in baka karanta ba ko jirgi ɗaya bazaka motsa ba. Ka zana taswirar a takarda, gida 20 ta 18, ka ajiye fensir kusa.

Sarkin PES: Littafi kuma? Shafi nawa?

Injiniya_KD: Bai kai handout ɗin da kuke ƙin karantawa a makaranta ba.

Maman Walid: Ku dai ku yi sallar isha kafin ku shiga tekun.

Sarkin PES: Jama'a ƙarfe ɗaya da rabi yanzu. Na tura Suffolk da Norfolk can sama, na tura jiragen sama sau uku, ba komai sai hazo. Injiniya kana nan? Ark Royal ɗin daga ina yake tasowa kuma zagaye nawa zai ɗauka kafin ya iso?